Silimun Kano da yaran yanzu ba su san an yi ba

Jiya da yamma muka bi ta Jakara a adaidaita ni da ɗan yayata, na nuna masa asibitin nan nace ka ga wurin nan, da silima ce, Palas sunanta. Yaron ya kwashe da dariya wai haba Kawu, silima a tsakiyar gari dab da Kurmi? Wallahi har na kwanta abin yana cina, yaro ɗan Kano ya gama sakandare amma ko sunanta bai taɓa ji ba.

Silima ta farko a Kano ita ce Rex ta Sabon Gari, 1937, Kwarori ne suka kawo harkar. Can bayan ganuwa ne, mutanen birni suka ce ai harkar baƙi ce ba ruwanmu, amma samari ba su fasa sulalewa da daddare suna zuwa ba, iyaye na kiransu 'yan kallo, kuma lokacin zagi ne babba.

Sai ga abin da ya faru a silimar El Duniya ranar 13 ga Mayu 1951. Ana cikin kallo wuta ta tashi, mutum 331 suka rasu a dare ɗaya, Allah ya jiƙansu da rahama. Kakata har ta bar duniya in an ambaci El Duniya sai ta yi salati, tana cewa unguwa-unguwa ake zaman makoki, wasu ma iyayensu ba su san can suka tafi ba sai da aka kwana aka wuni ba su dawo ba, aka bazama nema. Gari ya ɗauka wai fushin Allah ne, har aka yi ta yaɗa cewa an nuna hoton Annabi (SAW) a fim ɗin. Ni dai abin da ke ɗaga min hankali yawancinsu samari ne, nishaɗi kawai suka fita nema, kuma faifan fim na wancan zamanin saurin kama wuta gare shi kamar fetur.

Ana cikin wannan jimamin aka zo da maganar Palas a cikin birni, malamai suka ƙi, ranar buɗewa a 1952 har jifa aka yi. Duk da haka ta ɗore, aka yi shekaru ana cika ta.

Mu namu zamanin Plaza ce da Orion, ba rufin kirki, sai duhu ya yi a kunna, Indiya ko Cainis, kana kan benci da gyaɗarka a aljihu, in jarumi ya fara dukan bos gaba ɗaya a miƙe ana fito da ihu. Ruwa in ya sauko a jiƙe za ka koma gida. Bidiyo ya shigo, aka zo shekarar 2000 da Shari'a, kasuwar ta mutu a hankali.

Na yi wa yaron alkawari ran Asabar zan kai shi Fagge wajen Plaza ya ga inda muke bin layin tikiti.