Abin da matsattsen filin Bohuslav Fuchs ya koya mini

Yawancin aikin zanen gini da ke zuwa hannuna a Kano na ƙananan fulotai ne, irin gidan gadon da aka raba har kowa ya tashi da ɗan tsiri mai tsawo marar faɗi. Mai fili zai ce yana son shago a ƙasa, ɗakuna a sama, iska da haske kuma ko'ina. A irin wannan aiki ba wanda ya amfane ni kamar Bohuslav Fuchs, mai zanen gine-gine ɗan ƙasar Cek da aka haifa a 1895.

Fuchs ya yi karatu a Prague a hannun malamin zanen gine-gine Jan Kotěra, daga baya ya koma Brno ya kama aiki a ofishin gine-gine na birnin. Yana can ya zana Otal Avion, wanda aka kammala a 1928 a kan titin Česká. Faɗin filin bai kai mita 9 ba, zurfinsa ya haura mita 30, ga gine-gine sun tokare shi dama da hagu. Taga ta gefe ba ta taso ba ke nan.

Abin da ya yi shi ne ya daina lissafin faɗi, ya koma lissafin tsayi. Ya tsayar da ginin a kan ginshiƙan kankare da rodi, don haka bangon gaba bai ɗauki nauyi ba, ya zama kusan gilashi zalla. Wurin shan kofi kuma bai shimfiɗa shi a hawa guda ba. Ya rarraba shi a benaye masu leƙen juna, matakala na haɗa su, ya sa madubai a bango, har hasken titi yana ratsawa zuwa can ciki. Mai zama a sama yana hango na ƙasa, sai ya manta da ƙuncin wurin.

Daga nan na koyi fara aiki da zanen da ke tsaga gini daga rufi zuwa tushe, fulan, wato zanen shimfiɗar ɗakuna, ya biyo baya. A wurinmu rana abar gudu ce, ba zan kwaso bangon gilashinsa in dasa a Fagge ba. Amma tambayar ɗaya ce: ta ina haske zai shigo, ta ina zafi zai fita? Sau da yawa amsar ita ce in sadaukar da ɗaki guda ya zama ɗan tsakar gida buɗaɗɗe har sama, kuma shawo kan mai gini ya yarda da hakan ya fi zanen wuya.

Akwai abin da ke ci mini rai a tarihinsa. Bayan yaƙin duniya na biyu ya zama farfesa a jami'ar fasaha ta Brno, amma a 1958, zamanin mulkin kwaminisanci, aka tilasta masa barin koyarwa saboda siyasa. Ya rayu har 1972, shekara 14 ke nan da ɗaliban jami'ar suka rasa mutumin da ya zana Avion alhali yana zaune a garinsu.