Binciken kai da fitilar Ubangiji

Kafin in kwanta da dare, nakan zauna in bi yinin da ya wuce tun daga farkawata. Tsarin da nake bi tsoho ne. Igneshiyus na Loyola, wani malamin Katolika da ya rasu a 1556, ya koya wa mabiyansa su fara da godiya, su roƙi haske, su bi yinin sa'a-sa'a, sannan su nemi gafara, su ƙudurta gyara. Ni ba Katolika ba ne, amma jerin nan ya karɓe ni, musamman sa godiya a gaba. Wanda ya fara da lissafin alherin Allah ba ya saurin tsorata da abin da zai tarar a cikinsa.

Tuna abin da na aikata bai taɓa ba ni wahala ba. Dalilin aikatawar ne ke ɓuya. Wata rana an yabi wani abokin aikina a taro, na tafa tare da kowa, har na ce masa madalla. Da dare da na iso wannan sa'ar, sai na tuna yadda ƙirjina ya ɗan matse lokacin da aka ambaci sunansa, da yadda na yi ta sauraron ko nawa sunan zai biyo baya. Babu wanda ya ga wannan a ɗakin taron. Abin da Bulus ke nufi ke nan a 1 Korantiyawa 2:11, cewa ba mai sanin al'amuran mutum sai ruhun mutumin da ke cikinsa.

Sai dai shaidar ruhuna kaɗai ba ta isa ba. Karin Magana 20:27 ta kira ruhun mutum fitilar Ubangiji, wato fitilar tana cikina, amma mai ita daban ne. Irmiya 17:9 kuwa bai rufa wa zuciya asiri ba wajen yaudara. Sarki Dawuda ya yi watanni da jinin Uriya, sojan da ya sa aka kashe, a wuyansa, yana mulki abinsa, har annabi Natan ya zo masa da labarin 'yar tunkiyar matalauci da wani attajiri ya ƙwace. Ransa ya ɓaci da attajirin labarin, bai gane kansa ba sai da aka ce masa shi ne mutumin. Bulus ma ya ce lamirinsa bai kama shi da komai ba, amma wannan bai wanke shi ba (1 Korantiyawa 4:4). Shi ya sa ba na fara bin yinin sai na yi addu'ar Zabura 139:23-24, in roƙi Allah ya bincike ni da kansa.

Akwai kuma tonon da ba ya ƙarewa, kuma a ganina ya fi cutar da masu tsoron Allah na gaske. Na koyi bambanta muryoyi biyu. Ruhu Mai Tsarki yakan nuna abu takamaimai: maganar da ka yaɓa wa wance da rana, je ka ba ta haƙuri. Ɗaya muryar cewa kawai take yi ba ka da amfani, ba ta faɗin laifin, ba ta nuna mafita. Idan na ji irin wannan, nakan tambaye ta wane laifi ne, yaushe, ga wa. In babu amsa, sai in rufe da addu'a in kwanta.