Gidan wanka da ba-haya: lissafin ruwa, rami da kuɗin shiga

Duk mai son buɗe gidan wanka da ba-haya a bakin kasuwa ko tasha, ya fara da lissafin ruwa kafin na bulo. Bokitin wanka yana cin kamar lita 15, wato tanki mai lita 1,000 ba zai ba ka fiye da bokiti 66 ba, ko da ba a ɗebi na wanke ɗakuna ba. Buta lita biyu ce, amma ruwan kora ya ninka haka. Shi ya sa muke raba farashi uku: fitsari, bayan gida, wanka. Da hunturu kuma akwai na ruwan zafi, don itace ko gawayi ba kyauta ba ne.

Wanda ya dogara da 'yan ga-ruwa, da wuya ya ga riba, domin ran da ruwa ya yi wuya jarka za ta tashi, shi kuwa ba ya iya ƙara wa mutane kuɗi a ranar. Burtsatse ce mafita, sai dai injin jan ruwa yana son wuta. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, janareto ya zama babban mai cin ciniki, da yawanmu muka koma sola. Kuma kada a bar injin yana aiki ruwa ya janye da bazara, nan take zai ƙone.

Rami shi ne inda sababbin shiga ke faɗuwa. Ciniki kullum yake shigowa kaɗan-kaɗan, kuɗin kwasa kuwa lokaci guda yake zuwa, da nauyi. In ba a ware wani abu kowace yamma a asusu ba, ranar da shadda ta cika sai an ci bashi, gida kuma a rufe. Kuskure mafi tsada shi ne haɗa ruwan wanka da na masai a rami ɗaya: yana cika da wuri, sabulu kuma yana toshe ƙasar da ya kamata ta tsotse ruwan. A yi wa ruwan wanka sokawe daban. Ramin ya yi nesa da rijiya ko burtsatse da aƙalla mita 30, a sa masa bututun iska da ya zarce rufi, da raga a bakinsa saboda ƙuda. Motar kwasa kuwa, ruwa-ruwan kawai take zuƙa. Abin da ya daskare a ƙasa, da leda da tsumma da kunzugu, sai masu kwasa da hannu, waɗanda a Kano ake wa laƙabi da "gidan kowa da akwai". Kwandon shara mai murfi a kowane ɗaki, musamman ɓangaren mata, yana rage wannan sosai. Izal da Hypo kuma a ƙasa da bango ake amfani da su. In aka riƙa antaya su cikin rami, suna kashe ƙwayoyin da ke narkar da ƙazantar.

Sauran ƙananan abubuwa ne masu yawa: sakata, kan famfo, buta da ake tafiya da ita, tsintsiya, omo, ƙwan fitila, kuɗin ƙaramar hukuma, da ziyarar duba-gari. Mai wanke ɗakuna a ba shi safar hannu da takalmin roba, a biya shi a kan kari, don shi ke riƙe da gidan. Mai karɓar kuɗi kuma a ba shi tikiti mai lamba, a gwada da abin da tanki ya sauka.

Wajen sa farashi, ni ina ganin gara a nemi riba a wanka, a bar fitsari da araha ƙwarai. In ya yi tsada, bayan katangarka za a zagaya, zarnin ya kori masu zuwa wanka. Tsoho, da almajiri, da wanda ciki ya murɗa ba ko sisi a aljihu, a bar su su shiga, a sa ruwansu cikin lissafin wata tun farko.