Kafin dattijo ya dangwala yatsa

Ga waɗanda za su ci gaba da aiki a sashen masu ciwon fitsari bayan tafiyata: abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake karɓar yardar mai kansar furostat, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, kafin a yi masa magani.

Kun san dattawan da ke zuwa mana Damagaram daga Magariya, Tanut ko Matamai. Akasarinsu sai fitsari ya tsaya ko ciwon baya ya hana barci, kansa ta riga ta kai ƙashi. A nan maganar cire furostat ta wuce, sai dai a datse testosteron, sinadarin mazantaka da maraina ke fitarwa, wanda ciwon ke rayuwa da shi. Ko dai allura irin Zoladex, miligiram 3.6 duk kwana 28 ko 10.8 duk mako 12, ko kuma tiyatar maraina. Tiyatar sau ɗaya ce, ta fi sauƙin kuɗi, amma abin da aka cire ba ya dawowa. Allurar kuwa saye ne ba yankewa, kuma a makonnin farko ciwon na iya tashi idan ba a haɗa da ƙwayar bicalutamide miligiram 50 ba. Dukansu suna kashe sha'awa, su kawo zafin jiki da gumi, ƙashi ya yi rauni.

Wani babba da muka yi aiki a ƙarƙashinsa a baranda yake gama wannan bayani, a tsaye, da Faransanci, ɗan majinyaci na tafinta. Ɗa ya juya ya ce, "Baba, ƙaramin aiki ne, fitsari zai sake ka." A kawo tawada, a dangwala. Wane ɗa ne zai dubi mahaifinsa ya yi masa zancen shimfiɗa? Kunya ta haɗiye rabin bayanin, kuma rabin da dattijon ya fi buƙata. In ƙaramin ma'aikaci ya yi magana, sai a ce layi ya yi tsawo. Bayan wata uku mutum mai mata biyu ya gane abin da aka yi masa, ya koma gari yana cewa fiɗiya ake yi a asibiti. Maƙwabcinsa mai irin ciwon ya ji, ya zauna gida da sassaƙe har ƙafafu su mutu. Wannan ba ya shiga rahoton kowa, shi kuma babban yana nan da girmansa.

Gyaran minti goma ne. A ce wa ɗan, "Ɗan ba mu wuri." Ma'aikaci namiji mai ɗan shekaru ya zauna, ya ce, "Baba, kwanciya da iyali zai yi wuya ta dawo." A bar lissafin kashi cikin ɗari, a jera ƙwallon dabino goma kan tebur a ware, a nuna masa mutum nawa cikin goma illar ke samu. Daga nan dattijon ya maimaita da bakinsa abin da ya ji. "To, likita" ladabi ne kawai.

Ƴan kaɗan da aka gano tun ciwon bai fita daga furostat ba su ne ke da zaɓi na gaske. Binciken ProtecT na Birtaniya, kan maza 1,643, ya nuna a 2023 cewa bayan shekara 15 kusan kashi 97 cikin 100 ba kansar ta kashe su ba, ko tiyata aka yi, ko gashi (ƙona ciwon da hasken na'ura), ko sa ido. Bambancin yana wajen illa: wata shida bayan tiyata kusan rabi na sa ƙunzugu saboda ɗigar fitsari. Ga mutumin da ke sahun gaba a masallaci wannan ya fi tsoron mutuwa nauyi, don haka a tura shi wurin malami. A mazhabar Malikiyya akwai sauƙi ga mai yoyon fitsarin da ke ɗaukar rabin lokaci ko fiye. Kada dai a ɗora waɗannan alƙaluman kan mai ciwo a ƙashi, ba irinsa aka bincika ba.

Gashi sai Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, zaman makonni huɗu zuwa takwas; a yi lissafin masauki da abinci tun kafin a sayar da bisa. PSA, gwajin jini na furostat, in ya haura 4 ba hukuncin ciwon kansa ba ne, sai an ɗebi tsoka an gwada. Wanda aka fara wa allura a tambaye shi wa zai sayi ta uku. Ciwon baya da nauyin ƙafa kuwa, a faɗa wa iyali ba a kwana da shi a gida.