Ƙarfen bakin hannun mashin ɗina ya kwance: inda na kai a gyaransa

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon gyaran mashin. Mako uku ke nan ina kan wani ɗan aiki da na zaci na minti biyar ne, ga yadda ta kaya.

Mashin ɗina na hannu ne, mai 150cc, bara na saye shi. A bakin kowane hannu akwai dunƙulen ƙarfe baƙi mai nauyi, ɗaure da noti ɗaya a tsakiyarsa. Na dama ne ya fara kaɗawa. Da na shiga gargada sai in ji ƙas-ƙas a ƙarƙashin tafin hannuna, in na taɓa shi da yatsa kuwa sai ya juya kamar murfin kwalba.

Mutane da yawa ado suke ɗaukarsa, ni ma haka na ɗauke shi kafin Oga ya yi mini bayani. Injin irin namu silinda ɗaya ne, duk hawa da saukar fistin tana aiko da girgiza ta jikin mashin har zuwa hannu. Hannun kuwa bututu ne mai rami a ciki, kuma bakinsa ya fi ko'ina rawa, kamar yadda kan tsumagiya ya fi gindinta kaɗawa. Nauyin da aka ɗora a bakin shi ke rage saurin wannan rawar, don kada ta zo daidai da bugun injin. Wanda ya taɓa tafiya daga Kaduna zuwa Zariya, kusan kilomita 80, da ƙarfen nan a kwance, ya san yadda yatsu ke sagewa kafin a kai rabin hanya. Kuma in mashin ya faɗi, sau da yawa shi ke fara cin ƙasa ya kare robar hannu da totur.

A makon farko na ɗauko alanki lamba 5, don notin M6 ne, wato mai kaurin milimita 6, na fara ɗaurewa. Ina ta murɗawa, noti yana ta juyawa, bai yi tauri ba, bai kuma fito ba da na juya shi baya. Na ce da Oga, "Oga, ina ga haƙoran notin nan sun cinye." Ya ce, "Ka ga abin da ke riƙe da shi a ciki? Ja shi waje tukun ka gani." Na kama ƙarfen ina ja ina girgizawa, sai ga shi ya zaro gaba ɗaya, da noti da duk abin da ke bayansa.

A nan na gane cewa ba iri ɗaya ake ɗaure su ba. Akwai mashin ɗin da aka yi wa noti walda a cikin bututun tun daga kamfani, sai dai ka murɗa a ciki kawai. Akwai mai ɗan bututun alminiyum da aka tsattsaga, wanda ke buɗewa ya kama bango idan aka ɗaure. Nawa irin na uku ne: dogon noti ya ratsa ƙarfen, ya ratsa wata roba mai kauri kamar guntun tiyo, a bayanta akwai washa da ƙaramin noti. Idan ka ɗaure, ƙaramin notin yana matso robar, ita kuma ta kumbura ta cika ramin. Babu abin da ke riƙe da ƙarfen nan sai kumburin robar.

Tawa robar ta bushe ta yi tauri kamar busasshen ƙirgi, ta tsattsage a gefe, ga kuma maiƙo a jikinta, da alama wani ya taɓa shafa mata giris don ta shiga da sauƙi. Tunda ba ta kama bango, ƙaramin notin sai ya riƙa bin babban suna juyawa tare. Ko kwana za a yi ana murɗawa ba za ta kumbura ba. Haƙoran kuwa lafiyarsu ƙalau.

Dabarar farko da na yi ita ce naɗa wa robar salatif na masu wayarin, na mayar. Ta kama, na ji daɗi, amma kwana huɗu kawai ta yi. Zafin rana ya narkar da gam ɗin salatif ɗin, ya zama shi ne ma ke sa ta santsi. Ban ba kowa shawarar wannan ba, sai dai don a kai gida.

A mako na biyu na tafi kasuwar Panteka ta Kaduna da tsohuwar robar a aljihu. Wani dattijo mai juya ƙarfe ya auna mini bututun: milimita 22 daga waje, wanda shi ne kaurin hannun yawancin mashinan da muke hawa, ramin ciki kuma 18. Wannan awon na ciki shi ne abin riƙewa, don hannun alminiyum ya fi na ƙarfe kaurin bango, raminsa ya fi ƙanƙanta, robar wancan ba za ta yi wa wannan ba. Na samu sabuwa daidai awon, na sayi biyu.

Da na dawo na naɗa tsumma a jikin sanda, na jiƙa shi da fetur, na goge cikin bututun har sai da tsumman ya daina fitowa baƙi, na bar shi ya bushe. Sannan na haɗa komai a waje, na ɗan ɗaure har robar ta fara kumbura, yadda sai an tura da ƙarfi za ta shiga. Wannan shi ne sirrin aikin: ta shiga da ɗan matsi tun farko, ta riƙe ƙaramin notin, sannan murɗawa ta yi amfani. Na juya alanki sau uku, a na huɗu na ji ya fara tauri a hannuna. Ban tsananta ba, M6 siriri ne, kuma matsi da yawa yana fasa sabuwar roba.

Wani abokin koyo ya ce in ɗiga Loctite, gam ɗin da ake sa wa haƙoran noti don kada ya kwance. Ga mai notin walda shawara ce mai kyau, shuɗin, lamba 243, wanda ake iya kwancewa da alanki kawai, ban da jan da sai an gasa shi da wuta. A irin nawa ban sa ba. Robar da kanta tana tokare notin, kuma in haƙoran suka manne, ranar da za a kwance sai komai ya koma juyawa a ciki.

Sai kuskuren da ya fi damuna. Na tura ƙarfen har ya manne da robar totur. Na murɗa totur na saki, mashin a kashe a tsakar gida, sai ya tsaya a inda na bar shi, bai koma ba. Jikina ya yi sanyi, don da a titi ne, da na saki hannu injin yana ci gaba da ja. Na sassauta, na jawo ƙarfen waje kaɗan, na bar tazarar da katin waya biyu za su shiga, na sake ɗaurewa. Don Allah duk wanda ya taɓa ɓangaren dama ya gwada wannan kafin ya tada inji: murɗa ka saki, ya koma da kansa har ka ji ƙat, kan mashin a miƙe, sannan a karye hagu, sannan dama.

Na ja layi da farin fenti daga kan notin zuwa jikin ƙarfen don in gane idan ya motsa. Ranar Asabar na je Zariya na dawo, layin yana nan a miƙe, yatsuna ba su sage ba, madubin dama ma ya rage rawa har ina gane motar da ke bayana. Robar ta biyu tana cikin akwatin kayan aiki, gobe in sha Allahu zan zaro na hagu in ga halin da tasa take ciki.