Rana ta farko: minti ɗaya gudu, minti ɗaya da rabi tafiya

Alhamis, 17 ga Afrilu

Yau na fara. Ana sallame sallar asuba na ɗaure igiyar takalmi, na sha ruwa moɗa guda, na fito. Baba, maƙwabcinmu tsohon soja, yana bakin ƙofa da agogonsa a hannu.

Shekara 14 ke nan ina kan keken ɗinki a kasuwar Dole, zama tun safe har magariba. Rabona da gudu tun ina lakkwal. Abin da ya tashe ni shi ne ɗiyar yayata, mai shekara 7, da ke fama da sikila. Watan jiya na kwana da ita a asibiti, tana riƙe da gwiwa, kukan ma ya daina fita. Likita ya ce ƙwayoyin jininta ne ke lanƙwashewa kamar lauje su toshe ƙananan hanyoyin jini, kuma zafi da ƙarancin ruwa a jiki na tayar da ciwon. To, ga Damagaram a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ruwan famfo kuwa yau akwai gobe babu. Da matasan unguwa suka ce za su shirya gudun kilomita 5 albarkacin ranar sikila ta duniya, 19 ga Yuni, don tara kuɗin magani da ƙarin jini, ban yi shawara da kowa ba na ba da sunana.

Mako tara cif suka rage, kuma tsarin da ƙanena ya samo mini a waya na mako tara ne. Wani Ba'amurke, Josh Clark, ya tsara shi a 1996 don waɗanda ba su taɓa gudu ba, hukumar lafiyar Ingila ma tana koyar da shi. Fita uku a mako, da hutun kwana guda a tsakani. Makon farko: tafiya minti 5 don jiki ya ɗumama, sai gudu minti ɗaya, tafiya minti ɗaya da rabi, har sau takwas.

Da na karanta wa Baba ya gyaɗa kai. Sharaɗi ɗaya ya kafa mini, in je a auna hawan jinina tukuna. Shekaranjiya na je, lafiya lau.

Mun bi ta Birni, muka wuce gaban fadar Sarki, gari bai gama wayewa ba, masu ƙosai na hura wuta. Gudun farko na zabura da ƙarfi, ina so in ga iya abin da jikina zai yi. Kafin minti ya cika ƙirjina ya ɗau zafi, yawu ya kafe. Baba ya dafa kafaɗata.

"Ɗana, wa ya koro ka? Rage. In ba ka iya gaishe ni kana gudu ba, ka yi sauri da yawa."

Haka muka koma yi. Ina sassarfa yana tambayata, "Ina gajiya? Ina iyali?" ina amsawa. Muddin amsa ta fito ba tare da haki ya yanke ta ba, daidai nake. Abin ya ba ni mamaki, domin a na shida na fi jin daɗi a kan na farko. Tafiyar da ke tsakani, wadda na ɗauka ragwanci ce, ashe ita ke mayar da numfashi ta ba ƙafa damar ɗaukar na gaba. Tsakanin manyan duwatsun nan na Birni wata iska mai sanyi ta buso, na ji gumi na sauka a bayana, raina ya yi fari.

Takalmin na gwanjo ne, jaka huɗu. Da yamma na saye shi, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, na bar wurin babban yatsan hannu a gaba. Bai cije ni ba. Baba ya ce ciwon tsoka gobe ba abin tsoro ba ne, amma ciwon ƙirji ko jiri, a tsaya nan take a nemi likita. Ya kuma hana ni fita in rana ta ɗaga. Ƙarfe bakwai ta same mu a gida.

Yau ranar kasuwa ce, shago ya cika. Na faɗa wa masu kawo ɗinki abin da nake ciki. Wata hajiya ta ce jaka ɗaya a kan kowane kilomita, na rubuta a bayan littafin awo. Abin da ke damuna Babbar Salla ce, za ta faɗo kafin ranar gudun, lokacin da tela ke kwana kan keke. Dole in rage karɓar aiki, ko da zan rasa wani abu.

Bayan isha'i na leƙa gidan Yaya. Yarinyar ta zana gida 27 a takarda, ɗaya ga kowace fita, ta manna a bango.

"Kawu, ka yi na yau?"

Na ce na yi. Ta ɗauki biro ta cike gida na farko, ta ce Asabar ita za ta tashe ni.