Rigar Dodgers ta 1955: yau sunan ya haɗu a kan maɓalli

Alhamdulillahi. Wajen ƙarfe ɗayan daren jiya na ɓalla maɓallan rigar nan, na sa ta, na tsaya gaban madubi, na buɗe ƙirji, na ɗaga hannuwa kamar mai shirin jifa, sunan bai rabu ba. Harafin o ya riƙe d ɗinsa, jelar da ke ƙasa ta tafi santal ba tsalle. Mako biyar nake fama da wannan wuri ɗaya, shi ya sa ban iya kwanciya ba sai da na rubuto muku.

Ga waɗanda ba su san inda aka kwana ba, farar rigar gida ta Brooklyn Dodgers, ƙungiyar wasan besbol ta unguwar Brooklyn a New York, ta kakar 1955 nake ɗinkawa, da yadin ulu, suna shuɗi a ƙirji, jar lamba a gaba. A tsarin da na yi tun farko, yanka mako ɗaya, haɗa jiki mako ɗaya, suna da lamba mako ɗaya. Wannan tsari ya daɗe da rushewa. Hannu ɗaya har yanzu da fil yake riƙe, kalmasar ƙasa ban taɓa ta ba, amma ga ni ina yin ramin maɓalli.

Ga inda gizo yake saƙa. Sunan Dodgers rubutun haɗe ne, yana hawa sama ta gefen hagun mai sanye da rigar, sannan jelar s ta juyo ta bi ƙarƙashin haruffan. Ke nan sau biyu rubutun yake tsallake bakin riga, sau ɗaya a haruffa, sau ɗaya a jela. Kuma ba a miƙe yake tsallakewa ba, a karkace ne. Kuskuren da bai kai faɗin farce ba, ido zai kama shi daga nesa.

Karon farko laifina ne tsantsa, ban shayar da yadin tururi kafin yanka ba. Na ɗora haruffan, waɗanda na yanka daga matsattsen ƙyallen ulu irin na hular dara, na bi su da zigizag, suka zauna gwanin sha'awa. Da na zo guga da jiƙaƙƙen ƙyalle sai yadin ya ja, haruffan kuwa ba su ja tare da shi ba. Gaban rigar ya tattare kamar fatar tsohuwar jaka. Ba gugar da za ta gyara wannan. Yadin dala 32 ne kowane yadi, na koma na sake sayen ɗaya da rabi, dala 48 suka tafi. Wannan kuɗi ya yi mini ciwo ƙwarai, don na san abin da ya kamata in yi, gaggawa ce ta hana ni.

Karo na biyu shi ne ya fi ƙona mini rai, domin a ganina komai na yi daidai. Na shayar da yadin sau biyu, na bar shi ya kwana a shimfiɗe. Na yanke sunan daidai bakin riga, rabi na ɗinka a ɓangaren dama, rabi a na hagu. A kan tebur ya haɗu tsaf. Ina sawa a jiki sai ƙirji ya ɗan ja, wani farin layi ya buɗe tsakanin o da d, jela kuma ɓangaren hagu ya ɗara na dama da kusan kwatan inci. Na farke. Duk wanda ya taɓa farke zigizag a kan ulu ya san irin tabon da yake bari, gashin yadin ya kwanta, ramukan allura su jeru. Kwana uku ina ta da gashin da tururi da buroshi mai laushi kafin wurin ya koma.

Sai da na zauna da manyan hotunan 'yan wasan ina kallo na gane abubuwa biyu da suka haɗu suka kayar da ni. Na ɗaya, ɓangaren hagu shi ne a sama, yana rufe na dama da kamar inci ɗaya. To rabin da ke ƙasa bai kamata ya tsaya a bakin riga ba, sai ya ci gaba ya shige ƙarƙashin na sama, yadda ko rigar ta buɗe kaɗan shuɗi za a gani, ba fari ba. Na biyu kuwa daga keken ɗinki ne. Ƙafar keke tana tura ƙyallen gaba a hankali. Na ɗinka rabin dama daga D zuwa tsakiya, rabin hagu daga tsakiya zuwa s, saboda haka turin ya taru a bakin riga ta gefe ɗaya kawai. Kwatan incin nan daga nan ya fito.

Abin da na yi a karo na uku: na rufe rigar yadda za ta zauna a jiki, na kama bakin da ɗinkin hannu manya-manya. Na ɗora cikakken sunan a takarda mai shara-shara, na bi gefen haruffan da farin zare maimakon alli, don alli gogewa yake a ulu. Na yanka rabin dama da ƙarin inci ɗaya a harafi da jela. Na manna da takardar gam, wuta kaɗan, na sassauta ƙafar keke, sannan kowane rabi na faro shi daga bakin riga na yi waje. In ma akwai turi, ya tafi can wajen hammata inda ba abin da zai haɗu da shi. Ramin maɓalli na uku ya so faɗawa kan jela, na ɗaga shi sama kaɗan, tazarar maɓallan ba ta zama ɗaya ba, kuma na yarda da haka. Gara tazara ta bambanta da a huda shuɗin.

Wani ɗan uwa ya tambaye ni me ya sa duk wannan wahala a kan ƙungiyar da ta bar garin tun bayan kakar 1957. Ni ina bin titin Bedford kusan kullum, ta gefen dogayen gidajen da aka gina a inda filin Ebbets, filin wasan Dodgers, yake kafin a rushe shi a 1960. Ƙungiyar unguwar nan sau biyar suna kaiwa World Series, wato wasannin ƙarshe na ɗaukar kofi, ƙungiyar New York Yankees na mayar da su gida, a 1941, 1947, 1949, 1952 da 1953, kullum zancensu sai baɗi. A 1955 suka ci wasa goma na farko a jere, suka ƙare da nasara 98 da rashin nasara 55, suka ba Milwaukee Braves ratar wasa 13 da rabi. A cikin 'yan wasansu, Roy Campanella ya zama gwarzon National League, rukunin gasar da suke ciki, mai jifa Don Newcombe ya ci wasa 20, Duke Snider ya buga homron 42, wato dukan da ke ba mai shi damar zagaye fili ya ci maki. Duk da haka a World Series da Yankees sai da aka je wasa na bakwai, na ƙarshe, ranar 4 ga Oktoba a filin Yankees, inda mai jifan Dodgers Johnny Podres ya hana Yankees ko maki ɗaya, aka tashi 2 da 0. Shi ne kofi ɗaya tilo da suka ɗauka suna Brooklyn.

Kowa ya zaci 42 zan sa, lambar Jackie Robinson, fitaccen ɗan wasan Dodgers, kuma girmansa a zuciyata ba ya misaltuwa. Amma 15 zan yanka, ta Sandy Amorós, ɗan Kuba. A zagaye na shida na wasan nan aka shigo da shi gefen hagu na fili, Yankees suna da mutum biyu a kan hanyar cin maki, ɗan wasansu Yogi Berra ya doko ƙwallo can kusa da layi. Amorós ya sheƙa da gudu ya miƙa hannun dama ya cafe. Bahago ne, safar hannunsa ta kama ƙwallo a dama take, shi ya sa ya kai. Ya jefa wa Pee Wee Reese, Reese ya jefa wa Gil Hodges, aka fitar da Gil McDougald, ɗaya daga cikin mutum biyun nan na Yankees. Na san rigar toka ta baƙunta ce a jikinsa ranar, ba farar da nake yi ba. Farar da jar lambarta ce ta fara shiga raina, kuma lambarsa nake so a kanta.

Yanzu jan ne ke tsorata ni. Na jefa ƙyallen gwaji a ruwan sanyi da magariba, zuwa isha ruwan ya ɗan sauya launi. In ya zuba a farin ulun nan bayan duk abin da na sha, ba ni da wani yadin da zan koma wa. Na sake jiƙa wani guntu, wannan karon na ɗinke shi a kan ragowar farin yadin, da safe zan matse in shanya in ga ko ya bar inuwa. Wanda a cikinku ya taɓa ɗora ja a kan farin ulu, don Allah ya gaya mini sau nawa ya wanke kafin ya daina zuba.